Takalman Ƙofar Masallaci

Ku matso ku ji wadda ta gagari dattawa. Duk wanda ya warware ta ya fi ni, kuma har yau ban haɗu da shi ba.

Ranar wata Juma'a 'yan bindiga suka afka wa Tungar Maje ana tsakiyar salla, suka buɗe wuta, suka ƙone masallacin. Gawarwaki sun babbake har ba a gane fuska. Sai dagaci ya ce a ƙirga takalman da suka rage a ƙofa, duk wanda ba a zo an ɗauka ba, mai shi ya rasu.

Tabawa, da tsohon cikinta, ta hango takalman mijinta Cindo a cikin tarin. Ko kukan ma ya ƙi zuwa. Aka riƙe ta zuwa ɗaki, ta shiga takaba.

Haladu mai haƙa kabari ne ya ƙi yarda. Ya ce wa dagaci, "Ranka ya daɗe, takalman nan sun fi gawarwakin da na binne yawa. Wa ke tsayawa neman takalmi ana harbi?" Aka ce ya rufe baki. Ya ƙi, ya yi ta faɗa har maganar ta tsallaka katanga ta iske Tabawa. Ta aika wa maharbin garin cewa sawun mijinta ba ya ɓuya, yatsa shida gare shi a ƙafa.

Zubairu maharbi ya fita a lokacin da ko akuya ba a bari ta leƙa daji. Ya bi sawun har kwazazzabon bayan gonaki. Can ya tarar da Cindo da sauran numfashi, ƙudaje sun rufe masa cinya inda harsashi ya shiga. A gefensa ga mutum biyu da suka cika suna jiran a zo neman su, alhali a gari an riga an yi musu sadakar uku. Ya goyo Cindo zuwa gida.

Hanyar asibiti a rufe take. Isiyaku wanzami ya zaro harsashin da askarsa, ya tare a gidan har zazzaɓin ya sauka.

Da Cindo ya buɗe ido, Tabawa ta ce, "Malam, kai ne kuwa?"

Ya ce, "Ke, ina takalmana?"

Ba a jima ba ta haifi namiji, kuma yaro suna ɗaya ake raɗa masa. To, jama'a, tsakanin Haladu da Zubairu da Isiyaku, sunan wa za a sa wa yaron nan?