Turaren Isaka da Gawon Hadiyya

Isaka mutumin Maradi ne mazaunin Yamai, yana sayar da kayan babur a unguwar Boukoki. Yana da kirki da son zumunci, sai dai Allah bai ba shi haƙurin jira ba.

Shi da yayarsa Hadiyya sun gaji wata gona bayan unguwar Bobiel. Ƙasar ta gaji, ko irin da aka shuka ba ta mayarwa, har suka daina noma ta. Wata shekara ma'aikatan wani porje, wato shirin raya itatuwa, suka zo musu da magana. Suka ce kamfanonin da hayaƙinsu ke ɓata iska suna biyan masu raya itatuwan da ke shanye shi, amma sai itatuwan ƙasar nan. Suka ba su dashen gawo, da aduwa, da dakwara. Ƴan'uwan suka raba gonar biyu, kowa ya dasa nasa.

Damina ta wuce, dashen bai kai gwiwa ba.

"Yaya, waɗannan sai jikokinmu," in ji Isaka. "Ni itacen turare zan sa, wannan na ƙasar waje, nan da nan ya wuce kaina."

"Ka bar su, Isaka. Saiwa suke yi a ƙasa."

"Ni abin da ido ke gani nake so."

Ya tuge nasa duka, ya dasa turare. Ai kuwa turaren ya miƙe, har yana kawo abokai kallo. Ita kuwa Hadiyya, duk Lahadi sai ta je ta gyara shingen ƙaya saboda awaki, ta rage rassa, ta koma gida da kaushin hannu.

Shekaru suka shuɗe. Turaren ya tsotse damshin ƙasa, ko ciyawa ba ta fita a gindinsa, gara kuma ta ci rabinsa. Da ma'aikatan suka dawo awo, suka wuce gefen Isaka, suka ce ba shi aka yi alkawari a kai ba. A gefen Hadiyya suka yini suna awon itatuwan da za a biya ta a kai. Ciyawa ta dawo, tsuntsaye sun yi sheƙa, ga wake ya yi yaɗo ƙarƙashin gawo.

Isaka ya zauna a kan wani kututture, ya dubi Hadiyya.

"Yaya, na yi hasara."

Hadiyya ta miƙa masa butar ruwa tana murmushi. "Shekaru ka rasa, ƙasar tana nan. Sare turaren ka sayar wa magina. Ina da irin gawo da na tara, ya ishe mu."

Da ruwan farko Isaka ya sake dashe. Har yau yakan tsuguna ya auna tsiron da tafin hannu, Hadiyya ta hango shi ta ce, "Kada dai ka ja shi!" Sai su yi ta dariya.

Darasin wannan labari shi ne, abin da zai daɗe ba ya zuwa da gaggawa. Kada saurin girman baƙon abu ya sa ka tuge na gida. In kuma ka yi kuskure, kada kunya ta hana ka sake shuka.