Jigon Ranau

Tun zamanin da giwaye ke kiwo a dajin da ke yamma da Tudun Marke, kafin gatari ya taɓa ko kuka ɗaya a wurin, an yi wani maharbi mai suna Ranau. Tsofaffin da suka riƙe labarinsa sun ce dogo ne mai faɗin ƙirji, yakan saɓo gwanki shi kaɗai tun daga daji har ƙofar gida. Makaɗan maharba kan yi masa kirari: Ranau baƙin ɓauna, na Hakama mai kafaɗar dutse, ka shiga daji tsuntsu ya yi shiru. Hakama ita ce matarsa. Ita kaɗai ya taɓa aura, kuma ita kaɗai ce in ta yi magana yake sassauta murya.

Aibinsa ɗaya, saurin fushi. Wata rana an dawo daga farautar gayya ana rabon nama, sai gardama ta haɗa shi da Tunau, yayan Hakama, a kan cinyar ɓauna. Ranau ya hankaɗa shi, Tunau ya faɗa kan kututture, ƙugunsa ya karye, bai ƙara takawa da ƙafarsa ba. Dattawa suka yanke cewa Ranau ya bar garin. Da ya rataya kwarinsa ya ce wa Hakama ta haɗa kayanta, sai ta ce ba za ta bi shi ba. Matar Tunau ta rasu, 'ya'yansa ƙanana ne, yanzu kuma babu mai ɗebo musu ruwa sai ita. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta dama masa fura ta cika gora, ta miƙa masa, ta koma ɗaki.

Ranau ya nausa yamma a tsakiyar bazara. Gorarsa ta ƙare, koramu duk sun ƙafe, har ya fara tauna saiwa. Yana zaune a inuwar wani ƙaton dutse sai ya ga guza ya fito daga ƙarƙashinsa, cikinsa jiƙe da laka. Ya kara kunne, ya ji motsin ruwa. Ya sa kafaɗa ya tura har fatarsa ta saɓule, dutsen ko gezau. Wannan ne karo na farko da ƙarfinsa ya gaza masa.

An ce yana kwance ya fid da rai, sai wata tsohuwar giwa ta zo kusa tana neman saiwa. Ya ga ta cusa haurenta ƙarƙashin wani gungume, ta ɗora tsakiyar hauren a kan tushen itace, ta danna kanta ƙasa kaɗan, gungumen ya mirgine. Ranau ya tashi ya saro doguwar ƙirya. Ya cusa bakinta ƙarƙashin dutsen, ya yi mata matashi da wani ƙaramin dutse, ya je can ƙarshenta ya rataya da dukan nauyinsa. Dutsen ya yi ƙugi, ya ɗaga, ya kife gefe. Ruwa ya bayyana, mai sanyi, garai-garai.

Makiyaya ne suka fara sauka wurin, sannan maharba, sannan manoma da iyalansu. Ranau ya zama babban wurin ba tare da ya nema ba. Ya gina ɗaki biyu, ya zauna a ɗaya, ɗayan kuwa ya rufe shi da asabari. Kowace kaka yakan sake masa jinka da sabuwar ciyawa, ya share ƙofarsa, bai taɓa barin kowa ya kwana ciki ba. In fatake suka biyo daga gabas, ba ya tambayarsu labarin kasuwa. Yakan tambaya ko sun ga wata mata doguwa mai zanen saƙi a bakin rijiyar Tudun Marke, ko ta rame, ko har yanzu tana yin waƙa in tana niƙa. Yakan ba su busasshen nama su kai mata. Takan karɓa saboda yara, ta aiko da gaisuwa, amma ba ta zo ba.

Ana nan sai aka yi fari mai tsanani, rijiyoyin Tudun Marke suka ƙafe. Mutanen garin da suka kore shi suka zo da jakuna da salkuna suna roƙon ruwa. Akwai wani maharbi, Ciwake, wanda ya daɗe tare da Ranau, yana kuma tausayinsa. Ya ja shi gefe ya ce masa mutum ma kamar dutsen nan yake, ba a ture shi gaba da gaba, amma yana da wurin da in aka danna sai ya taso. Ya ce wurin dannawar mutanen nan ƙishirwa ce. Kewa ta rinjayi Ranau. Ya fito ya ce babu ɗan Tudun Marke da zai ɗebi ruwa sai Hakama ta zo. Suka juya da salkunansu a bushe.

Ta zo. Ta iso da rana tsaka, tulu a ka, leɓɓanta sun tsage, furfura ta fara fito mata. Ranau ya taso da sauri har yana tuntuɓe, ya ɗage asabarin ɗakin yana nuna mata. Ta tsaya a bakin ruwa ba ta sauke tulun ba.

"Ga ni, maigida," in ji ta. "An ce sai na zo za a ba yara ruwa. In zama kake so, zan zauna. Amma ka sani ƙishirwar 'ya'yan Tunau ce ta kawo ni. Da ka bar ni, da wata rana ƙafata ce za ta kawo ni."

Ranau bai iya ɗaga kai ba. Ya karɓi tulun ya cika da hannunsa, ya sa aka cika salkuna aka ɗora wa jakuna, ya raka ta har bakin daji. Da ya dawo ya ce wa Ciwake, "Na ɗaga ta daga gidanta, amma ita ba ta zo ba. Kada a ƙara yi wa mutum haka a nan."

Farin ya ci gaba, ruwa ya yi ƙasa, aka yi ta yasa har wurin ya zama rijiya mai zurfi, sai ƙaƙƙarfa ke iya jan guga. Ranau ya lura cewa duk wanda sai an ja masa ruwa, dole ya roƙa. Sai ya kafa gwafa a bakin rijiyar, ya gitta mata doguwar ƙirya, ya ɗaura dunƙulen laka a gindinta, ya rataya guga a kanta. In aka ja guga ƙasa ya cika, nauyin lakar ne ke tayar da shi, ko tsohuwa ta iya da hannu ɗaya. Wannan shi ne jigon farko a ƙasar. Ya kafa doka cewa ba a tambayar mai ɗiba sunansa, ko garinsu, ko abin da ya kawo shi.

Ya tsufa yana zama kusa da jigon. Tunau ya rasu, 'ya'yansa suka yi aure. Hakama ta taso a tsakiyar damina, lokacin da kowane kududdufi ya cika, ba wanda zai ce ƙishirwa ce ta taso ta. Wasu sun ce ta same shi da sauran numfashi, har ya gane muryarta. Amma yawancin tsofaffi sun ce ta tarar ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ta ja ruwa da kanta, ta sha, ta yayyafa masa sauran.

Garin da ya tashi a wurin shi ake kira Jigon Ranau. Har yau in ƙiryar ta tsufa, mutanen Tudun Marke ne ke saro sabuwa su kawo, kuma baƙo yakan ɗebi ruwa ya wuce ba wanda ya ce masa daga ina. In babu mai ɗiba, kan jigon yakan tashi sama da gugansa, ya tsaya yana fuskantar hanyar gabas.