Jirgin Tsoho da Farar Kariya

An yi wani mutum a Makka, a shekarun nan na sittin, lokacin da unguwar Utaibiyya ke cike da 'yan uwanmu Hausawa da suka zo hajji da ƙafa suka zauna. Wanda ya ga Makkar wancan zamani har yau yana kewarta. Da la'asar a yayyafa ruwa a ƙofar gida, a shimfiɗa tabarma, a ɗora shayi, tsofaffi su yi ta hirar garuruwan da suka baro. Ba mai kuɗi a cikinsu, amma ba mai kwana da yunwa in maƙwabcinsa ya ɗora tukunya.

Uban mutumin nan masunci ne daga Yawuri, a cikin kwale-kwale ya tashi. Da ya iso Makka sai ya zama ɗan ga-ruwa, ya rataya garwa biyu a sanda yana hawan duwatsu da su. Da wannan sandar ya ciyar da ɗansa, har ɗan ya koyi tuƙi, ya sami takardu, ya sayi doguwar mota yana jigilar manyan alhazai tsakanin Makka da Jidda.

Da kafaɗar tsohon ta gaji, sai ya koma tsakar gida yana tara allunan akwatunan kaya. Ya fere, ya haɗa, ya cusa auduga a tsakanin allunan, ya shafe da kwalta. A hankali ƙaramin jirgi ya fito, har da filafilin tuƙa shi. Yara na leƙowa suna dariya, wai jirgi a garin da ba kogi. Shi kuwa burinsa ɗaya ne: a kai shi bakin teku wajen Jidda, ya tuƙa ko sau ɗaya kafin ya mutu.

Ya ce wa ɗan, "Auta, in ka tashi sa wa motar nan kariyar ɗora kaya a sama, ka sa wadda za ta ɗauki jirgina."

Ɗan ya ce da Larabcin Makka, "Ɗayyib, Baba. Bukra in sha Allah," wato to, gobe.

Ya je wurin wani maƙeri, Mahmudu, wanda ya nuna masa kariya biyu. Ɗaya ta baƙin ƙarfe ce, mai faɗi, ƙafafunta na damƙe gefen rufin mota, da kunnuwan ɗaure igiya gaba da baya. Kyau dai ba ta da shi. Ɗayar siririya ce, fara sol, tana ƙyalli, an yi ta don akwatin tufafi.

Mahmudu ya ce, "Ya akhi, in don jirgin Baba ne, baƙar za ka ɗauka. Ba nauyin jirgi ne abin tsoro ba, iskar da ke shiga cikinsa ce."

Mutumin ya san gaskiya aka faɗa masa. Amma sai ya hango kansa yana wuce tashar direbobi da baƙin jirgi a saman motarsa, ana nuna shi ana cewa ga ɗan Takari zai je su. Kunyar asalinsa ta kama shi. Ya nuna farar.

Ya 'yan uwa, ku lura da wayon Shaiɗan. Mutumin nan bai ɗaga wa ubansa murya ba, bai ce masa a'a ba. Uzuri ya saya ya ɗaura a kan mota, don gobe ya ce, "Baba, da na kai ka, kariyar ce ba za ta ɗauka ba." Wa yake yaudara? Wanda ya san abin da ke cikin ƙiraza?

Tsohon ya fito, ya kama kariyar ya ɗan girgiza. Ya daɗe yana dubanta. Ya ce, "Ta yi kyau, Allah ya sa albarka." Bai sake tayar da zancen ba. Kullum da safe dai yakan zuba ɗan ruwa a cikin jirgin don kada rana ta tsattsaga shi. Kafin hajji ya zagayo ya rasu, aka kai shi maƙabartar Ma'ala.

Ana share makoki ɗan ya matsu jirgin ya bar gidan. Wani masunci a Jidda ya ce a kawo masa. Da sassafe, kafin direbobi su fito, ya ɗora shi a kan farar kariyar, ya ɗaure, ya kama hanya. Tafiyar da ya hana ubansa, ga shi ya yi ta don ya rabu da kayan uban.

Yana wuce garin Bahra iska ta shiga cikin jirgin ta ɗaga. Ƙafafun kariyar suka ɓalle, igiya ta fizgo jirgin ya rufe gilashin gaba. Motar ta sauka daga kwalta ta wuntsila. Bai mutu ba, amma bayansa ya karye, bai ƙara takawa ba. Motar ta tafi, sana'ar ta tafi. Direbobin da yake jin kunyarsu ba wanda ya leƙo. Tsofaffin 'yan ga-ruwa, abokan ubansa, su suka riƙa juya shi suna ba shi abinci.

Wata rana ya roƙe su su kai shi Ma'ala ya nemi gafara a bakin kabarin uban. Suka ɗauke shi a kan gadon igiya. To, kaburburan Makka ba a rubuta musu suna. Wannan ya ce layin nan ne, wancan ya ce a'a, na gaba ne. Yana kwance yana juya kai, duk kabarin da aka nuna masa sai ya ce, "Baba, ka yafe mini." Har rana ta yi zafi aka mayar da shi gida bai san ko ya dace ba.

Ya 'yan uwa, Allah ya hana mu ce wa iyaye ko da tir. To, akwai tir ɗin da ba da baki ake faɗa ba, da dabara ake yin sa. Wanda ya ji kunyar hannun da ya ciyar da shi, ya jira ranar da zai nemi hannun ya rasa. Wanda iyayensa ke raye, ya tashi daga nan ya je ya tambaye su abin da suka daɗe suna roƙo suka gaji suka yi shiru.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa mu rabu da su suna masu yarda da mu. Allah ya kiyaye mu da girman kai da uzurin ƙarya. Amin.