Hannun da Ya Kasa Taɓa Farfela

Akwai wani bakanike a Nguru mai suna Dunoma, a shekarun 1980, lokacin Yobe tana cikin Jihar Borno. Rumfarsa tana bayan tashar jirgin ƙasa, kuma duk injin da ya gagari mutane, wurinsa ake kaiwa.

Yana da amini, Laminu kafinta. Tare suka taso, kwano ɗaya suke ci.

Surukin Dunoma manomin shinkafa ne a Dagona. Kowace kaka tsuntsayen jan-baki kan sauko kamar hayaƙi, su bar wa mutane kara. Wannan ne ya sa aminan biyu suka ƙera ɗan jirgin sama, fikafikansa sun fi tsayin mutum, wanda za a ɗaure da doguwar waya a jikin turke ya riƙa zagaya gona yana ƙara don ya kori tsuntsayen.

Laminu ya sassaƙa jiki da farfela, wato fankar da ke gaban jirgin. Dunoma ya ɗora injin fetur na feshin magani. Injin ya yi wa farfelar sauri, sai ya sa masa fuli biyu, wato ƙafafun ƙarfe masu juyawa, ƙarami da babba, ya haɗa su da bel na roba. Aiki ya yi kyau, amma tayar da shi ya zama abin tsoro. Ka juya farfela sau ɗaya, injin ya juya fiye da haka, kuma idan ya kama ba ya jiran ka janye hannu.

Don haka tayarwar ta zama aikin mutum biyu. Ɗaya yana gaba yana juya farfela a hankali don mai ya hau. Ɗaya yana baya, ya danne wata waya a jikin ƙarfe, muddin tana danne injin ba zai tashi ba. Na gaba ba ya ganin hannun na baya. Sai dai ya tambaya, "A kashe yake?" a ce masa, "A kashe."

Ranar da suka kai jirgin wani fili a Gashuwa don manoma su gani, jama'a ta cika. Dunoma ya durƙusa a gaba, Laminu yana baya.

Ana cikin haka sai ga motar Alhaji Abbagana, babban dillalin shinkafa. Kowa ya juya. Laminu kuwa, da ya daɗe yana mafarkin Alhaji ya san sunansa, sai ya saki waya ya miƙa hannu biyu yana gaisuwa.

"Laminu, a kashe yake?"

"A kashe," in ji shi, ko waiwayowa bai yi ba.

Dunoma ya juya farfela. Injin ya kama. Yatsu biyu na hannunsa na dama ba su sake lanƙwasuwa ba har ya koma ga Allah.

Ciwon hannu ya yi sauƙi. Abin da ya ƙi warkewa shi ne maganar da matarsa Meram ta kawo masa har gadon asibiti.

"Malam, Laminu yana gaya wa mutane garajenka ne. Wai ba ka tambaye shi ba ka kai hannu."

Dunoma ya juyo ya dube ta.

"Laminu ne ya faɗa? Da bakinsa?"

"Da bakinsa. A gaban Alhaji."

Jama'a, abin da ciwo. Mutumin da kuka ci tuwo tare ya ci hannunka, sannan ya dawo ya ci sunanka. Bakanike kuwa ba shi da jarin da ya wuce a ce yana da natsuwa. Masu injin ban ruwa suka fara wuce rumfarsa. Wa zai ba mai garaje injinsa? Dunoma ya ce ya tambaya, amma babu wanda ya ji, domin ranar duk kunnuwa suna wurin motar Alhaji. Da ya ga maganar tana neman zama musu, sai ya bar wa Allah.

Shinkafa ta fara nuna, jan-baki ya iso. Alhaji ya aika wa Laminu, wanda yanzu ake kira mai jirgi, ya zo Dagona ya tayar da shi. Sai dai babu wanda ya yarda ya kai hannunsa farfela, kuma ban da Laminu babu wanda ya iya aikin wayar. Dole aka koma wurin Dunoma.

Meram ta ce kada ya je. Ya ce mata, "Gonar babanki tana cikin gonakin nan. Shinkafa ba ta yi mini komai ba."

A bakin fadama ya nuna hannunsa ya ce, "Wannan ba ya juya farfela yanzu. Ni zan riƙe waya. Laminu, shiga gaba."

Laminu ya durƙusa. Manoma sun kewaye su, tsuntsaye suna ta sauka a kan shinkafa.

"A... a kashe yake?"

"A kashe."

Laminu ya miƙa hannu, ya janye. Ya sake tambaya, aka sake amsa masa. Ya san yadda kalmar nan take fita daga baki ba tare da nauyi ba, domin shi ya taɓa furta ta. Kuma ya san abin da shi zai yi da a ce shi aka yi wa haka.

Alhaji ya ce, "Kai Laminu, tsuntsu yana cin gona! Ba ya ce maka a kashe yake ba?"

Laminu ya zube a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ni ma haka na ce masa ranar. Ya tambaye ni. Wallahi ya tambaye ni, na amsa, alhali na saki wayar."

Alhaji ya zagaya baya ya leƙa. Babban yatsan Dunoma na hagu yana kan wayar, ya danne ta har farcen ya yi fari.

Surukin Dunoma, tsoho mai furfura, ya naɗe hannun riga ya ce, "Ɗana, gaya mini yadda ake juyawa. Da maganarka zan sa hannuna."

Jirgin ya tashi ranar, shinkafar da ta rage ta tsira. Injuna suka dawo rumfar Dunoma. Ya yafe wa Laminu da ya roƙe shi, suna gaisawa a masallaci, amma bai sake tambayarsa ko a kashe yake ba.

Darasi: Idan wani ya ɗora lafiyarsa a kan maganarka, kada ka furta abin da ba ka tabbatar ba, kuma idan ka yi kuskure kada ka rufe shi da mutuncin wanda ka cuta. Maci amana shi ne farkon wanda ke kasa yarda da kowa. Ku tura wa abokan aikinku da 'yan'uwa, wataƙila wani ya gyara tun bai cutar da na kusa da shi ba.