Bayan Arzika

A zamanin da bakin Kwara duk kurmi ne, dorina ta fi mutum yawa, an yi wani maharbi a wani tsibiri, sunansa Arzika. Kirarinsa: na Tumba dodon dorina, mashinka ba ya dawowa da ƙishirwa. An ce kada kan sauka daga yashi in ya ji tarinsa.

Wata shekara ruwa ya yi cikar da ba a taɓa gani ba. Ya ci gonaki, ya kwashe jirage, ya bar guda, na Arzika, wanda dorina ta tsaga wa gindi. Arzika ya kifa shi, ya fafe ruɓaɓɓen katakon, ya sassaƙo maɗaci ya dasa, ya ɗinke da igiyar kaba. Abin toshe kafofi ya ƙare, sai ya yage rigarsa. Mata suka yago bakin zannuwansu, ana cusawa ana liƙewa da ƙaro.

Kowane ɗan bakin ruwa ya san jirgin da aka ɗinke sai an nutsar da shi ya kwana biyu, itacen ya sha ruwa ya kumbura, ɗinkin ya kama. Amma ruwa ya riga ya shigo tsakar gida.

Tumba matarsa ta ce, "Maigida, jirgin nan bai sha ruwa ba."

Ya ce, "Na sani. In muka jira shi, mu za mu sha."

Jirgin ba ya ɗaukar kowa da kowa. Aka loda yara da masu goyo. Tumba ta zauna da tsofaffi a kan tudun da ya rage, ta ce ya je ya dawo, tana nan.

A tsakiyar kogi ɗinkin ya buɗe. Ana kwarfewa da ƙwarya, ruwa na ƙaruwa. Arzika ya miƙa wa wata mata sandar tuƙi, ya kwanta rigingine a kan tsagar, ya ce a zauna a kansa. Suka ƙi. Ya daka tsawa, suka zauna suna kuka. Ruwa ya rufe ƙirjinsa, ya rufe fuskarsa, bai motsa ba.

Jirgi ya taɓa gaɓa. Da aka ɗaga gawarsa, gindin ya rabe gida biyu. Babu wanda ya iya ɗinki a cikinsu, babu gatari. Suna tsaye suna kallo tudun ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace. Wannan wuri na labarin ban taɓa faɗinsa raina bai ɓaci ba.

Yaran nan su suka kafa Tungar Toshe. Har yau a can, in za a gyara jirgi, mai shi ke fara yago rigarsa. Katakon tsakiyar jirgi kuwa ana kiransa bayan Arzika, ba a taka shi da takalmi. In ruwa ya cika, sukan tura jirgi ba kowa a ciki zuwa inda tsibirin yake, wai na Tumba ne.