Ƙofar Da Ta Yi Nauyi

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da idan mota ta wuce kana cikin ɗaki, ƙararta kaɗai ta isa ka faɗi mai ita. Sunansa Malam Makau. Wani bawan Allah ne mai walda, gajere, hannuwansa duk tabon tartsatsin wuta. Aikinsa ƙofofin ƙarfe, irin masu naɗewa sama ɗin nan na shaguna da gareji. Ba ya wa'azi, ba a taɓa jin ya yi doguwar magana ba. Ya gaishe ka, ya yi aikinsa, ya ɗauki kekensa ya wuce.

A garin akwai wata dattijuwa, Hajiya Kulu, matar marigayi Alhaji Bawa. Alhaji Bawa shi ne ya fara gina wa mota ɗaki a garin, har mutane suna dariya suna cewa ko tarewa motar za ta yi. Malam Makau ne ya kafa ƙofar garejin, lokacin gemunsa bai cika fuska ba. Da Alhaji ya rasu, aka sayar da mota, Hajiya ta share garejin, ta shimfiɗa tabarmi, ta mai da shi wurin karatun matan unguwa. Allah Ya jiƙan mutanen da. Ba allo na bango, ba benci, sai randa a lungu da ƙamshin turaren wuta, amma da yawa daga matan garin nan suka gyara Fatiharsu.

To, ku saurara. Ƙofar nan sai ta fara nauyi. Ba rana ɗaya ba, a hankali, yadda gwiwa take yi wa mutum. Da mace ɗaya ke ɗaga ta, ya koma sai biyu, ya koma sai an taru an yi bisimilla an yunƙura tare. Tana tashi tana kuka, ƙiii, har bakin masallaci ana ji. Matan kuwa sai suka sa wa abin suna mai daɗi. Suka ce albarka ce, ƙarfen da ne, ɓarawo ma ba ya iya ɗaga ta. Hajiya kuma idan ta ji kukan sai ta yi murmushi ta ce, “Haka take yi idan Alhaji ya dawo.”

Ran nan Malam Makau yana wucewa da safe ya ga ana wannan kokawa. Ya jingine keke, ya yi sallama, ya ce a ba shi wuri. Ya ɗaga ƙofar zuwa ƙugunsa ya sassauta hannu, sai ta taho ƙasa da ƙarfi, da ƙyar ya tare ta. Ya sake ɗagawa, ya ga gefen dama yana riga na hagu tashi. Ya taka turmi ya leƙa sama, inda sifirin yake, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke naɗe a jikin sandar ƙofa, ɗaya dama ɗaya hagu. Tsatsa ta cinye su. Na hagu har zobbansa sun buɗe, ka iya zura yatsa a tsakani.

Ya sauko ya ce, “Hajiya, ƙofar nan lafiyarta ƙalau. Sifirin ɗinta ne ya mutu, na hagu har ya buɗe. Shi ke ɗauke da nauyin, yanzu ya bar muku. Mai lafiya idan kika ɗaga ta rabi kika saki, tsayawa take yi inda kika bar ta. Wannan wata rana a kan wuyan wata za ta sauka. A canza su, duka biyun.”

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. “Ɗaya ka ce ya buɗe. Ɗayan me ya yi maka?”

“Tare aka sa su, Hajiya, tare suka tsufa.”

“To ni ma tare muka tsufa da su, sai ka haɗa da ni. Makau, na san ka tun hancinka yana yoyo. Abin da Alhaji ya bari a gidan nan ba mai cire mini shi. Ɗiga mata mai ka tafi.”

“Mai zai kashe kukan, Hajiya, ba zai ɗauke nauyin ba. Gara tana kuka kuna jin tsoronta.”

Hajiya ta juya ta shige cikin gida.

Nan fa jarrabawar take. Aminiyar Hajiya, wata mai suna Inna Tabawa, ta bi shi har bakin titi. Ta ce, “Haba Malam Makau, ina karar take? Tsohuwa ce, kewar miji ke damunta. Ka shafa man nan ka ce ta gyaru, ranta ya yi sanyi. In ɗaurewa ne ma, maƙwabcinmu yana da sifana.”

Ya ce, “Inna, kada kowa ya kai sifana wurin nan. Ƙarfen a murɗe yake, in ya kuɓuce hannu yake karyawa, ko fuska. Batun in ce ta gyaru kuwa, bakina ba zai iya ba.”

Kafin la'asar magana ta zaga unguwa. Makau ba shi da kara. Makau aiki yake nema, har ya kai ga ƙofar mamaci. Wasu masu shaguna suka daina kiransa. Kun san garinmu, kun san bakinmu.

Ni dai tun ina yarinya ake gaya mana kara ita ce ka ga abu ka yi shiru don girman mai shi. Na tsufa ban gamsu ba. Shirun da zai bar ƙarfe a saman kan mutane, wa ya girmama? Matan nan kowacce ta ji nauyin a bayanta, kowacce ta san da ba haka take ba, amma kowacce ta haɗiye, ta kira shi ladabi.

Me bawan Allah ya yi? Bai yi fushi ba, bai kai ƙara wurin mai unguwa ba, bai kuma janye maganarsa ba. Washegari da hantsi sai ga shi da gwafa biyu masu kauri a ɗaure a keke. Ya ɗaga ƙofar shi kaɗai, ya tokare ta dama da hagu, ya jijjiga ya ga ta zauna, ya tafi. Da aka tashi karatu ya dawo ya sauke ta. Gobe ma haka. Jibi ma haka. Damina ta shigo, haka. Ku saurara fa, mutumin da aka zaga ne, kuma shi ma bayan nasa ba na yaro ba ne.

Hajiya tana zaune a kan kujerarta, kullum sai ta yi masa tsiya. “Sabon maigadi ya iso. Ni dai ban ɗauke ka aiki ba.”

“Na sani, Hajiya. Ina kwana.”

Wata safiya ta ga ya dafe ƙugu bayan ya tokare ƙofar, ya daɗe bai miƙe ba. Ta ce, “Kai ma ta fi ƙarfinka ke nan. Ka ga bambancin maza. Alhaji bai taɓa nishi a kanta ba.”

Malam Makau ya ce, “Gaskiya ne. Hajiya, da wane hannu yake ɗaga ta?”

Ta ce, “Da hagu mana. Na dama ai kullum da ƙunshin balangu, ba ya shigo mini hannu...”

Matan suna kallonta. Ta dubi ƙofar, ta dubi gwafa biyun. Can ta ce, kamar da kanta take magana, “Da hannu ɗaya. Kuma ni ba kukan ƙofa nake ji ba. Tarinsa nake ji, da ƙarar makullai.”

Ashe kukan bayan rasuwarsa ya fara, kewa ce ta ɗauke shi ta liƙa wa mamaci.

Ta share ido da bakin mayafi ta ce, “Makau, je ka kawo ƙarafan naka. Amma tsofaffin ka bar mini su.”

Ya sa aka fitar da kowa waje, ya sauke tsofaffin a hankali, ya ɗaura sababbi. Da ya gama ya ce, “Bisimilla, Hajiya.” Tsohuwar nan ta sa hannun hagu, ta ja sama. Ƙofa ta bi hannunta, shuu, ta tsaya daidai inda ta sake ta. Hajiya ta tsaya a ƙarƙashinta, hannunta bai sauko ba. Ta ce, “Wannan ce ƙofar Alhaji. Na manta ta.”

To 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Gaskiyar Malam Makau ba a baki ta tsaya ba. Ya faɗe ta, aka ƙi, sai ya sa bayansa ya ɗauki nauyin ƙin da aka yi, har mai ƙin ta gani da idonta. Ni a wurina wannan ita ce kara. Mu kuwa ɗayan biyu muke yi: ko mu yi shiru mu ce ladabi, ko mu yaɓa wa mutum magana mu kaɗe zani mu tafi.

Wadda ke da irin ƙofar nan a gida ko a shago, in ta fara nauyi, ko karkata, ko faɗowa in an saki, kada ki ce ƙarfen da ne. Ki kira mai aikin, ki hana yara wucewa ƙarƙashinta. Sannan ki duba cikin gidan. Akwai wanda yake ɗauke da nauyinku shekara da shekaru ba ku ma san yana yi ba, uwa ce, ko yaya, ko mijin da ya daina hira. In gida ya fara yi muku nauyi, kada ku tsaya yabon haƙurinsa. Ku je ku tambaye shi ina ke ciwo, ku karɓi wani abu daga hannunsa tun yana tsaye.

Allah Ya ba mu masu gaya mana gaskiya su kuma tsaya tare da mu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.