Bangon Gabas na Ɗakin Iya Tabawa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da fentin gwangwani ya fara shigowa, mutane suna ta barin farar ƙasa suna komawa gare shi. Wani bawan Allah ne, Malam Sallau ake ce masa. Kada ku ji Malam ku zaci wani shehi ne. Abin da ya sani na karatu bai wuce wanda zai yi salla ya yi azumi ba. Sana'arsa gyaran ɗaki: ya kafa ƙofa, ya shafa fenti, ya rataya labule. Ku na baya ku matso, ku saurara, don labarin nan na kowa ne, da mai gidan bene da mai ɗaki ɗaya.

Shi Malam Sallau yana da wata ɗabi'a da take ba masu gida haushi. Ba ya fara aiki sai ya zauna da wanda yake kwana a ɗakin, ya yi masa tambayoyi. Ta ina rana take faɗo maka? Da wane hannu kake tura ƙofa? In ɗaki ba shi da haske, ya ce kada a sa masa fenti mai duhu. In taga tana kallon hanya, ya ce a sa labule mai kauri saboda idon masu wucewa, in kuwa tana kallon tsakar gida, ya ce mara nauyi ya isa, iska ta samu hanya. Mutane suna cewa ya cika sanyin jiki, amma in aiki ya tashi shi ɗin dai suke kira.

To, a garin akwai wani attajiri, falken goro, ana kiransa Alhaji Mamuda. Allah ya buɗa masa, ya rushe rabin gidansu ya sake ginawa. Yana da mahaifiya tsohuwa, Iya Tabawa, wadda ta makance shekara goma sha biyu. Ina so ku riƙe wannan: Alhaji Mamuda ba mugun ɗa ba ne. Wallahi yana son uwarsa. Sai dai shi ne ɗanta na fari, kun kuwa san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce mutumin nan. In ya zo gaisuwa da safe, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ta amsa a taƙaice tana kawar da kai, ya tashi ya tafi. Shekara kusan hamsin haka suke.

Ya kira Malam Sallau ya ce, "Ɗakin Iya nake so ya fi kowane ɗaki a gidan nan kyau. Shuɗin fenti mai sheƙi, wanda in ka shafa hannu sai ya zame. A sa gilashi a tagar nan, a rufe ta da labulen karan-miski. Wannan tsohon ƙyauren mai kuka a cire shi, na gaji da jin ƙararsa. Gadon ma a mai da shi wancan bangon, zai fi tsari."

Malam Sallau ya ce, "Alhaji, a bar ni in ɗan gana da Iya tukuna."

Alhaji ya ce, "Na kai ta gidan ƙanwarta, sai an gama za ta dawo. Ba-zata nake so in yi mata. Kuma me za ka tambaye ta? Launi za ta zaɓa?"

Zuciyar Malam Sallau ba ta kwanta ba, amma ya ga mutum ne babba, ya ga kuma alheri ya nufa. Ya karɓi aiki. Kwana tara yana yi, ya murje bango ya yi sumul, ya shafa shuɗi hawa uku, ya kafa sabuwar ƙofa ya zuba mata mai har in ka tura ba ka jin ko ƙis. Da aka gama, mutanen unguwa suka yi ta zuwa kallo. Kowa ya shiga sai ya ce ma sha Allah. Aka dawo da Iya Tabawa, aka zaunar da ita a kan gado, aka ce mata ɗaki ya yi kyau. Ta ce, "Allah ya yi albarka." Shi ke nan abin da ta ce.

Bayan mako guda Malam Sallau ya komo don ya ƙara ɗaure sakata. Aka yi masa iso, ya yi sallama a bakin ɗakin, ba a amsa ba. Ƙofa tana buɗe, ya leƙa. Sai ya ga tsohuwa a tsaye tana salla, ta ba gabas baya, ta fuskanci yamma sak.

Ya ja da baya ya tsuguna a gefe har ta sallame, sannan ya sake sallama.

"Iya, ni ne Sallau, mai gyaran ɗaki."

"Sannu, Malam. An ce ka yi aiki mai kyau."

"Iya, ki gafarce ni in tambaye ki. Da can, ta yaya kike gane alƙibla?"

Ta ce, "Na sake juyawa ko?"

Ya ce, "Kin juya, Iya."

Sai ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Da, in na sauko daga gado, taku uku ne zuwa bangon gabas. Bangon yana da kaushi, akwai wani gurbi da hannuna ya saba da shi. In na taɓa shi na san inda nake. Tagar kuma iska tana shigowa ta nan, in hantsi ya yi rana tana sauka a ƙafata, sai in san lokacin walaha ya yi, tunda ita ba a kiran salla dominta. Ƙyauren nan da aka cire, shi yake gaya mini an shigo, in gyara mayafina. Yanzu duk bangon ɗaya ne, santsi ko'ina. Ba iska, ba rana. Sai dai in ji mutum tsaye a kaina. In lokacin salla ya yi sai in zauna in jira wata ta zo ta juya ni kamar tulu, su kuwa suna da aikin gabansu."

Jama'a, mun sani Allah ba zai kama makauniya da laifin abin da ta yi iyakar ƙoƙarinta a kai ba. Amma ku dubi zuciyar tsohuwar nan. Idonta ya tafi, ƙarfinta ya tafi, abu ɗaya ya rage mata da take yi da kanta ba ta roƙi kowa ba, shi ne ta tashi ta tsaya gaban Ubangijinta. Shi ma an karɓe, da sunan gata.

Malam Sallau ya ce, "Iya, me ya sa ba ki faɗa wa Alhaji ba?"

Ta ce, "Ni? In dubi mutumin nan in ce abin da ya yi mini bai yi ba? Ban taɓa kai masa kuka ba tun yana goye, ba yau zan fara ba. Kai ma kada ka ce na ce."

Ya ce, "Ba zan ce kin ce ba. Zan ce na gani, don na gani."

Ya fito ya tarar da Alhaji a zaure cikin abokansa, ana ta yabon aikin, har wasu biyu suna cewa shi za su kira ya yi musu irinsa. Ku saurara da kyau, nan ne jarrabawar take. Da ya yi murmushi ya ce na gode, da ya wuce da sunansa mai kyau, babu mai sani sai shi da tsohuwa da Allah. Ya zauna daga gefe ya jira har kowa ya watse, don ba ya so ya kunyata mutum a gaban baƙinsa. Sannan ya matso.

"Alhaji, aikin da na yi a ɗakin Iya bai yi ba. Ka ba ni izini in warware shi."

Alhaji ya ce, "Bai yi ba kamar yaya? Garin nan kaf ana maganarsa."

"Masu ido ne suke maganarsa, Alhaji. Mai ɗakin ba ta gane gabas a cikinsa. Laifina ne, na san ƙa'idar aikina na bar ta, ban tambayi mai kwana a ciki ba."

Ran Alhaji ya ɓaci. Ya ce, "Iya da bakinta ta sa albarka. Kai ne za ka gaya mini abin da ke zuciyar uwata? Ko wani sabon aikin kake nema a wurina? Tashi ka ba ni wuri."

Malam Sallau ya ji zafin maganar har cikin ransa, don bai taɓa cin amanar kowa a aiki ba. Bai mayar ba. Ya sa takalmansa, ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Gobe in an kira azahar, kada ka yi sallama, ka tsaya a bakin ƙofarta ka duba. Ƙofar ba ta ƙara, ba za ta san kana nan ba."

Kwana uku Alhaji bai je ba, girman kai ya hana shi. Amma maganar ta ƙi barinsa. Ran na huɗu ya je ya tsaya. Ya ga uwarsa ta sauko daga gado, tana lalube. Ta shafa wannan bango, ta shafa wancan, ta zagaya ɗakin sau biyu. Ta tsaya tana saurare ko wata za ta zo. Ba wadda ta zo. Sai ya ji ta ce a hankali, "Allah, kai ka san inda na nufa," ta fuskanci kudu ta ta da kabbara. Mutumin da fatake suke tsoron muryarsa, ya dafa bango yana hawaye kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Da ƙafarsa ya je gidan Malam Sallau. Ya ce, "Malam, ka yafe mini. Zo ka yi abin da ka ga ya dace."

A wannan karon Malam Sallau ya zauna da Iya Tabawa tukuna, ya tambaye ta komai. Ya mai da gado inda yake da. Ya sauke karan-miskin nan, ya cire gilashi, ya rataya asabari mara nauyi wanda iska da rana suke ratsawa. Ya kwaɓa fenti da yashi, ya shafa a bangon gabas daidai tsayin hannunta, faɗin taƙi guda, ya yi kaushi kamar dutsen niƙa. Tsohon ƙyauren kuwa a bayan gida ya samo shi, an jingine za a faskara, ya kakkaɓe shi ya mayar.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ɗakin ya rage kyau. Masu zuwa kallo suka ga wani tabo a jikin shuɗin bango, suka ga tsohon ƙyaure, suka ce Sallau ya tsufa, hannunsa ya lalace. Mutum biyun nan da suka ce za su kira shi, wani suka kira. Alhaji ya so ya yi wa mutane bayani, Malam Sallau ya hana shi. Ya ce, "In ka faɗa, sai ka faɗi cewa Iya ta yi kwanaki tana salla tana juya wa gabas baya, ta zama abin hira a bakin rijiya. A bar shi a kaina, ni zan iya ɗauka."

Ranar da aka gama, la'asar ta yi, Alhaji da Malam Sallau suna tsaye daga waje. Iya Tabawa ta sauko daga gado. Taku ɗaya, biyu, uku. Hannunta ya sauka a kan kaushin nan. Ta tsaya cak, ta shafa shi, ta sake shafawa. Ta gyara tsayuwarta, ta fuskanci alƙibla daidai, ba wanda ya taɓa ta. Da ta idar, Alhaji ya tura ƙyaure, ƙyaure ya yi kukansa. Ta ja mayafi ta rufe kanta, ta kawar da fuska yadda ta saba, ta ce, "Malam Sallau, in kana nan, ka gaya wa mutumin nan na yafe masa duniya da lahira. Yau na yi salla da kaina."

Alhaji yana durƙushe a bakin ƙofa, ya amsa amin da kai.

To, jama'a, abin da nake so ku tafi da shi ke nan. Alheri ba abin da ya burge mai bayarwa ba ne, abin da ya amfani wanda aka ba ne, kuma ba za ka san shi ba sai ka sauke kai ka tambaya. Da yawanku nan kun gyara wa iyayenku ɗaki. Kun zaɓi fenti don baƙi su yaba, kun sa labule mai nauyi har tsoho ba ya sanin gari ya waye, kun sa ƙofar da hannunsa mai rawa ba ya iya murɗawa, kun shimfiɗa daɓe mai santsi da yake tsoron takawa da jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwala. Ya ce muku Allah ya yi albarka, kuka tafi kuna murna. Iyayenmu ba sa ƙorafi, kunya ba ta barinsu. Shirunsu ba yarda ba ne kullum.

Ku kuma masu sana'a, kafinta da mai fenti da tela, in kun ga aikinku ya cuci wani, ku faɗa, ko da ana tafa muku a kansa. Malam Sallau ya zaɓi a ce hannunsa ya lalace da a ce tsohuwa ta rasa alƙiblarta.

In kun tashi daga nan, kada ku wuce kasuwa. Wanda yake da tsoho a gida ya shiga ɗakinsa, ya zauna a ƙasa, ya tambaye shi abin da yake ba shi wahala a ɗakin nan, ya kuma yi haƙuri ya jira amsa, don ba za ta zo da wuri ba. Wanda nasa suka riga mu gidan gaskiya, ya yi musu addu'a. Allah ya ba mu ikon jin abin da iyayenmu suka kasa faɗa, tun suna raye.